Busasshen Lemon Hajiya

Auta tana zaune a falon Umma, ta ɗora zoben surfani a cinya tana neman kafar allura, sai ga saurayinta, malamin lissafi, ya yi sallama. Yana rungume da firam ɗin da ta ba shi jiya ya kai wa mahaifiyarsa, ya juya fuskar firam ɗin zuwa ƙirjinsa.

"Malam, lafiya? Gilashin ne ya fashe?"

"Bai fashe ba." Ya zauna a bakin kujera. "Hajiya ce ta ce a dawo miki da shi."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "A dawo da me?"

Auta ta karɓi firam ɗin. Tun da aka fara maganar aurensu take wannan aiki. Lambun gidan Hajiya ne ta fitar da zare a kan farin yadi: gwaiba a jikin katanga, rumman kusa da famfo, har da tsagewar da ke jikin simintin dakali. Ta duba sama da ƙasa, ba ta ga zaren da ya kuɓuce ba.

"Ina lemon?" in ji Malam a hankali.

"Busasshen iccen nan na tsakiya? Ai na cire shi na sa furanni. Ya ɓata wurin."

"Baba ne ya shuka shi, Auta. A shekarar da ya rasu ya bushe. Har yau Hajiya ba ta karyawa sai ta zuba masa ruwa. Da ta ga aikin sai ta ce, yarinyar da ba ta shigo ba ta fara sare mana itatuwa. Ta ce a dakata da maganar tukuna."

Auta ta sake kallon yadin. Ga ta nan ƙarƙashin jajayen furanninta, da'irar ƙasa mai duhu. Ta ga jiƙaƙƙen wurin ranar da ta je gaisuwa, ta zaɓo masa zare mai ruwan ƙasa, ta ɗinka shi daidai. Idonta ya gani, hannunta ya kwafa, amma ba ta tambayi kanta wa ke shayar da mataccen icce ba. Har ta yi wa yayar Malam waya tana dariya, tana cewa, "Anti, na gyara muku lambu!"

"To, mu ma a dakata!" Umma ta buga ludayin a ƙofa. "Yarinya ta ƙare idonta a kan abu, a dawo mata da shi kamar ruɓaɓɓen tumatir? Kai kuma bakinka ciwo yake da ba ka faɗa mata ba?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Umma. Ba ma maganarsa a gida. Auta, don Allah, ki yi sabo kawai, zan kawo yadi."

"A'a. Wannan ta gani, wannan zan gyara," in ji Auta, hawaye na sauka. "Ka roƙa min ita ta bar ni na zauna a lambun."

Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, abin da Malam ya fassara da izini. Umma kuwa ta ce zubar da aji ne, ta yini ba ta yi wa Auta magana ba.

Washegari da hantsi Auta ta isa. Anti ce ta buɗe ƙofa.

"Iye! Mai gyaran lambu ta iso! Yau me za a sare, gwaibar?"

Auta ta gaishe ta, ta wuce. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, aka amsa mata da kalma ɗaya. Ta zauna a dakali ta fito da ƙaramin almakashi.

Warwarar surfani ta fi ɗinkinsa cin rai. Sai an bi ta baya an yanke zare ɗaya-ɗaya, a zaro shi a hankali don kada yadin ya yage. Kuma yadi ba ya mantuwa, duk inda allura ta taɓa shiga sai ta bar huda. Da furannin suka tafi, tsakiyar aikin ta zama kamar rariya. Auta ta kalli wurin, ta ji kamar fuskarta ce aka rataye a kasuwa.

Haka ta riƙa zuwa. Malam yakan dawo daga makaranta da alli a hannun riga, ya tsaya nesa da ita.

"Kin rame fa. Ko na ce mata in ba ke ba na fasa aure gaba ɗaya?"

"Ka faɗa, ni ma na fasa. Matsa, ka tare min haske."

Da ta zauna ta kalli iccen sosai, sai ta ga ba launi ɗaya ba ne. Akwai toka-toka, akwai fari inda ɓawo ya ɗaye, akwai baƙi a gindi inda ruwa ke taɓawa. A wani reshe kuma an ɗaure wani tsumma da rana ta cinye launinsa. Ta ɗauko zare za ta kwafa, sai ta tsaya. Ta ajiye allurar, ta jira har Hajiya ta fito da buta.

"Hajiya, don Allah ina da tambaya. Wannan ƙyallen na mene ne?"

Hajiya ta dube ta, kallon farko na sosai tun da aka fara wannan zuwa.

"Iska ce ta karya reshen. Marigayi ya yago gefen rigarsa ya ɗaure. Sabuwar riga fa! Na yi ta faɗa, yana ta dariya, wai icce ya fi shi jin ciwo." Ta shafa reshen. "Shuɗiya ce. Yanzu ba mai ganewa."

"Wane irin shuɗi?"

Hajiya ta shiga ɗaki, ta dawo da rigar a ninke, gefenta a yage. Da kanta ta zaro zare guda daga bakin yagewar ta miƙa mata. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta kasa ɗago kai.

"Ki yafe min, Hajiya. Na gani ban tambaya ba."

"Yi aikinki," in ji Hajiya, amma ta zauna a ɗaya gefen dakalin.

Ranar da aka gama, iccen na tsaye a tsakiyar yadin, ba ganye ko ɗaya, da ɗan ɗaurin shuɗi a reshensa. Hudojin furannin da aka warware suna nan kewaye da shi.

"Zan rufe su da ciyawa," in ji Auta.

"Bar su. Ina son na riƙa ganinsu," in ji Hajiya.

Anti ta leƙo ta kafaɗar uwarta, Malam kuma yana tsaye a gefe. Hajiya ta ɗauki butar ta miƙa wa Auta.

"Ungo, 'yata. A gindi ake zubawa, ba a jiki ba. Kai kuma, tsayuwar me kake yi? Je ka gaya wa Ummanta ina nan zuwa ba ta haƙuri."

Malam ya fita da gudu har ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

An yi auren, firam ɗin kuma yana rataye a falon Hajiya, da hudojinsa. Duk wadda za ta shiga gidan da ba a nan aka haife ta ba, za ta tarar da abin da ya yi mata kama da shara. Kafin ta ce za ta gyara, ta yi haƙuri ta tambayi wanda ke zuba masa ruwa.