Holtkamp ko Kalweit

"Ulrike, sake faɗa in ji!"

Mama ta dire butar kofi a kan tebur har sai da cokula suka yi tsalle. Baba ya ci gaba da shafa man shanu a burodinsa kamar ba ya cikin kicin ɗin.

"Cewa na yi Gernot bai yanke shawara ba tukuna, Mama..."

"Shawarar me? Zai shigo gonar Holtkamp, ya kwana a gidan Holtkamp, ya tatsi shanun Holtkamp, sannan ya tsaya yana wata shawara?"

"Yanzu doka ta yarda kowa ya riƙe sunansa."

"To 'ya'yan fa? Dokar taku ta ce a raba su biyu ne? Suna ɗaya za su ɗauka, kin sani sarai! Aloys, ka yi magana mana!"

Baba ya ɗago kai a hankali. "Kofin nan ya yi ƙarfi yau," in ji shi.

Da wani lokacin ne da na yi dariya, amma ban da ranar. Makonni kaɗan suka rage a ɗaura mana aure, maƙwabta har sun fara naɗa furannin takarda da za su rataya mana a bakin ƙofa, ga shi ni da Gernot ba mu san da wane suna za mu fito daga ofishin ɗaurin aure na gari ba.

A nan yankinmu na Münsterland, a ƙasar Jamus, suna na gona ne, mutane wucewa suke yi. Holt daji ne a tsohon harshenmu, Kamp kuwa fili ne da aka kewaye, wato wani kakan kakanmu ne ya sare daji ya yi shinge, sunan ya manne wa wurin. Duk namijin da ya auro magajiyar gona, sai ya ajiye nasa sunan ya ɗauki na gidan. Haka Baba ya yi. Da sunan Terbeck aka haife shi, amma ni ban taɓa jin ko mutum ɗaya ya kira shi da hakan ba.

Ita kuma Mama ba don taurin kai kawai take yi ba, ko da yake tana da shi, ni ma a wurinta na gada. Yayanta ne ya kamata ya gaji gonar, tarakta ta kife da shi yana saurayi. Kakana yana kwance a gadon mutuwa ya riƙe hannunta ya sa ta yi alkawarin sunan ba zai fita daga gidan ba. Sai kuma ta haife ni, ni kaɗai, mace.

Na bar burodina a faranti na ɗauki keke.

A garejinsa na sami Gernot, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata tarakta. A haka ma na fara ganinsa, ranar da tamu ta mace a tsakiyar gonar masara. Ƙafafunsa na fara so kafin fuskarsa, kullum sai na tsokane shi da haka.

"Fito, muna da magana!"

Ya zamo waje, baƙin mai har a hancinsa. "Ulli tawa... daga ganin fuskar nan Mamarki ta yi ruwan sama."

"Kar ka yi mini wasa. Me ka yanke?"

Ya goge hannunsa a tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Buɗe littafin tarho ki gani, masoyiyata. Holtkamp sun cika shafi, har da waɗanda ba su taɓa ganin saniya ba. Kalweit fa? Layi ɗaya tak a duk gundumar nan, shi ne Babana."

"Su waɗancan ba mu ba ne! Mu ne muke kan ƙasar!"

"Mu kuma ba mu da ƙasa ko ta tsayuwar kaza. Sunan kaɗai gare mu."

"Ke nan ka fi son sunan a kaina?"

"Ulrike!"

"To me kake so in ce? Idan na bi ka Mama ta mutu da baƙin ciki, idan na bi Mama in rasa ka... Ni ina zan sa kaina, Gernot?"

Kuka ya ƙwace mini, abin da na tsani in yi a gaban mutane. Ya so ya rungume ni, ya dubi hannayensa ya fasa, sai ya jingina goshinsa a nawa.

"Ba za ki rasa ni ba, zuciyata. Zo mu je wurin Baba ranar Lahadi. Ban taɓa iya faɗa miki labarin da bakina ba."

Baba Kalweit yana zaune a wasu 'yan ɗakuna a saman shagon mai gasa burodi tun da matarsa ta rasu. Dogon tsoho ne mai manyan hannaye, ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe. Ya sayo mana kek ɗin tuffa, ya fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Ni dai ban ko taɓa nawa ba.

"Mutanen nan har yau ba su saba da sunanmu ba," ya ce yana murmushi. "Daga can gabas yake, Prusiya ta Gabas, kusa da Lituwaniya. Ɗan maƙeri yake nufi. Kin ga kuwa bai yi ƙarya ba, dubi farcen wannan yaron."

"Baba, faɗa mata," in ji Gernot.

Tsohon ya juya cokalinsa a cikin kofi.

"Ina ƙarami ƙwarai lokacin da muka gudo, a sanyin ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Babana ya riga ya mutu a fagen daga. Ni da mahaifiyata ne a cikin dubban mutane, ƙanƙara har gwiwa. Duk inda muka tsaya sai ta kama kafaɗuna ta ce, 'Yaya sunanka?' In ce Erwin Kalweit. 'Sake faɗa!' Erwin Kalweit. Har haushinta nake ji, ga yunwa ga sanyi, ita kuma suna kawai."

Gernot ya sunkuyar da kai.

"A wata tashar jirgin ƙasa aka turmutsa. Ta miƙa ni ta tagar jirgi, ita ba ta samu shiga ba."

"Wayyo..." ya fita daga bakina.

"A gidan marayu wasu mutanen kirki suka so su ɗauke ni su ba ni sunansu. Na ƙi amsawa. Su kira ni, in yi kamar kurma. Ashe ana karanta sunayen yaran da suka ɓata a rediyo. Wata rana ƙanwar babana ta ji nawa, ta zo ta tafi da ni."

"Mahaifiyarka fa?"

"Na daɗe ina jira ita ma ta ji."

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Shi ne ma ya dawo yana lallashina.

"Share hawayenki, 'yata. Na kira ku ne in sauke muku kaya. Sunan nan ya yi aikinsa, ya kai ni gida. Gernot, ka ɗauki na gonar. Ba zan zama dalilin da yarinyar nan za ta rabu da uwarta ba, ni na san wannan ciwon."

"Baba, ka tabbata?" in ji Gernot.

"Na ce ka ɗauka! Ku ci kek ɗinku."

Da na kai wa Mama labari sai da ta sumbace ni a kumatu biyu, abin da rabonta da yi tun ina makarantar firamare. Ta kira mai ɗinki, ta kira limamin coci, ta ce Gernot yaron kirki ne, dama ita ta sani.

An gama magana ke nan, ko ba haka ba? To ni a nan ne hankalina ya tashi. Abinci ya ƙi ciwuwa, rigar aure ta yi mini yawa har aka sake rage ta. Ina cikin tatsa sai in ji muryar yaro a kunnena yana maimaita sunansa. Gernot kuwa ya dage da fara'a, har yana gwada sabon sa hannunsa da yatsa a kan ƙurar mota yana dariya. Wannan dariyar ta fi komai sosa mini rai.

Wata safiya muna zuba wa 'yan maruƙa abinci na tari Babana.

"Baba, ka taɓa nadamar barin sunanka?"

"Na saba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya rataye bokiti. Na ɗauka zai sake kawo mini zancen kofi.

"Mu maza biyar ne a gidanmu, Ulrike. Da na bar Terbeck, babana bai rasa komai ba." Ya dube ni ya kau da kai. "Mamarki kuma ta ɗauki gonar nan a wuyanta tun tana ƙasa da shekarunki. Kar ki tambaye ni wanda ya fi gaskiya, ban sani ba."

Ya fita ya bar ni da maruƙa, ban ƙaru da komai ba sai ƙarin nauyi a ƙirji.

Ranar Juma'a da hantsi muka hallara a ofishin gari don ɗaurin aure, na coci sai washegari. Mama ta sa rigarta mai ruwan toka da munduwar kakata. Baba Kalweit ya zauna a kujerar ƙarshe, ya ɗora hularsa a gwiwa, takalminsa sai sheƙi yake yi.

Jami'ar ɗaurin aure ta tambaye mu, muka amsa. Sannan ta gyara gilashinta.

"Kun sanar da mu cewa sunan iyalinku zai zama Holtkamp. Har yanzu kuna nan a kai?"

"E," in ji Gernot da ƙarfi, ƙarfin da ya yi yawa.

Da ban waiwaya ba da shi ke nan. Amma na waiwaya. Tsohon yana zaune ƙyam yana murmushi kamar yadda ya dace da uban ango, sai dai yatsunsa sun murɗe hular nan har ta fita daga kamanninta.

"Amarya fa?"

Jami'ar ta zuba mini ido tana jira.

"A'a," na ce. "Kalweit."

Kowa ya juyo yana kallona.

"Ulli, me kike yi?" Gernot ya raɗa mini, fuskarsa ta yi fari. "Mun gama magana... Mamarki!"

"Na sani. A rubuta Kalweit, don Allah."

Na ji an ja kujera a bayana, na ji ƙarar takalmi, na ji ƙofa ta rufe. Ba sai an faɗa mini ko wace ce ba. Jami'ar ta sake tambayata ko na tabbata, ta je ta sauya takarda. Na sa hannu ina kuka. Baba Kalweit ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Babana bai bi Mama ba, amma bai dube ni ba.

A waje muka tarar motarmu ba ta nan, Mama ta tafi da ita. An shirya cin abinci a gidan saukar baƙi na ƙauye, muka zauna ana ta taune-taune babu mai ɗaga murya, kujerar Mama a gefena babu kowa. Da la'asar ta yi na kasa daurewa.

"Kai ni gida, Gernot."

"In shiga tare da ke?"

"A'a, masoyina. Wannan nawa ne."

Tun daga tsakar gida na ji injin tatsa yana aiki. Ta kori mutumin da muka ɗauka ya riƙe mana shanu a ranar. Tana tsugune tsakanin shanu biyu da rigarta mai ruwan toka, ko sauyawa ba ta yi ba, takalmin roba kawai ta zura.

"Mama..."

Ba ta juyo ba.

"Mama, ba inda za ni. Nan zan zauna, nan zan haihu, nan zan tsufa. Ko taki ɗaya na gonar nan ba zai fita daga hannunmu ba."

"Na yi wa mahaifina alkawari," ta ce da murya a dishe. "Yana riƙe da hannuna, Ulrike. Me zan ce masa?"

"Ki ce ni ce na karya, ba ke ba. Ke kin riƙe har ƙarshe."

Injin yana ta tsotsa yana saki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san Mama tana iya yin shekara ba ta yi wa mutum magana ba. Ban san abin da zan ƙara ba, sai na tattare rigata da hannu ɗaya, na ɗauki tsumma na durƙusa a gindin saniyar da ke kusa da ita na fara goge mata nono.

Muka gama ta farko. Muka gama ta biyu. A ta uku ne na ji ta ja hanci, sai ga hannunta ya fizge tsumman daga nawa. Fuskarta sharkaf da hawaye, har yanzu ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"Matsa can, matar Kalweit," ta ce. "Za ki ɓata rigarki, ga mutane suna jiranmu."