Farar Riga A Teburin Ƙarshe

"Rodel, ina jar rigata?"

Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakina na otal, riƙe da leda, sai sosa ƙeya yake yi.

"Masu wanki ne suka ƙona ta da dutsen guga..."

"Suka me?!"

"Ki yi haƙuri, zuciyata. Ga wata na sayo miki."

Na fizge ledar na buɗe. Farar riga ce fat, mai dogon hannu, irin ta malaman makarantar coci.

"Yau ɗin da zan zauna a teburin ƙarshe za ka kawo min wannan? Je ka ce su ba ni tawa, ko a ƙone take zan sa!"

"Sun yar da ita."

"To shiga kanti ka nemo min wata ja. Manila ce fa nan, ba ƙauyenku ba!"

"Lokaci ya ƙure, Liway. Don Allah ki sa wannan... don ni."

Na banka masa harara na rufe ƙofa a fuskarsa. Ni da ake cewa ba a iya yi min ƙarya, ranar nan fushi ya rufe min ido ruf.

Sunana Liway, 'yar garin Gasan a tsibirin Marinduque, kuma wasan kartar nan na poka shi ne sana'ata. Daga ƙananan ɗakunan karta na bayan kasuwa na faro, inda hayaƙin taba ke sa ido hawaye, har na kai ga babbar gasar da 'yan wasa ke tasowa daga ƙasashe domin ta. Duk inda na zauna da jar riga nake zama. Ita aka san ni da ita.

Kartar kuwa a cinyar mahaifina na koye ta. A garinmu in an yi mutuwa rumfa ake kafawa a ƙofar gida, maza su zauna suna karta suna taya gawa zama har a binne ta, kuma mahaifin nawa, da muke kira Tatay, shi ne mai rabon kati a kusan kowace rumfa. Yakan raɗa min a kunne, "Bar kallon katin, 'yata, kalli mutumin."

Amma ranar da na ce masa na bar makarantar koyon jinya saboda poka, sai ya koma min wani mutum daban.

"Karta ta gidan makoki ce," in ji shi. "Don kada masu rai su yi gyangyaɗi ake yin ta. Ba sana'ar 'yar mutunci ba ce."

Tun daga ranar ya hana ni hannunsa. Kowane ɗa in ya shiga gida, hannun mahaifinsa yake kamawa ya ɗora a goshi a sa masa albarka. Ni kuwa in na miƙa nawa, sai Tatay ya tura nasa cikin aljihu ya juya yana kallon teku. A gaban dangi ya yi min haka, ranar Kirsimeti ma ya yi min. Ba abin da ya taɓa ci min rai a duniya kamar wannan.

Shi Rodel mai rabon kati ne a ɗakin da na fara wasa. Da ya ga zuciyarsa ta kamu, ajiye aikin ya yi, don ba a yarda mai rabo ya nemi 'yar wasa ba. Ya koma riƙe min jaka, da yi min faɗa in na ƙi cin abinci, da riƙe min waya, don in ana gasa ba na taɓa waya sai an gama. Ya sa min zobe, amma da iyayensa suka so zuwa neman aure, Tatay cewa ya yi, "Wadda ba ta nemi izinina a kan karatu ba, me za ta yi da shi a kan aure?"

Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan kofin gasar nan. Na ce in aka nuna ni a talabijin ana kiran sunansa a bayan nawa, na kai masa kofin har gida na durƙusa, dole hannun nan ya fito daga aljihu. Na san ciwon zuciya na damunsa, amma kullum mahaifiyata Nanay cewa take yi da sauƙi.

Da rana tsaka aka fara. Fitilu sun haske tebur, kyamarori na zagaye mu, kowa da tarin robobin wasa da ke madadin kuɗi a gabansa. Wanda nasa suka ƙare ya tashi, wanda ya kwashe na kowa shi ne zakara. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tashi, har muka rage mu uku: ni, da wani matashi ɗan Koriya da ba ya cewa uffan, da Mang Anselmo, tsohon ɗan wasa mai bakin tsiya wanda da zolaya yake rikita mutane.

Ya leƙo ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, yau ina jan? Na shigo ina neman wutar da ke ƙona mu, sai na tarar da farar kurciya. Ko mutuwa aka yi muku ne?"

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Ni ma na buɗe baki zan rama, sai wani abu ya faɗo min a rai.

Na juya wajen 'yan kallo. Abokaina na tsohon ɗakin karta duk sun zo da jajayen riguna don ni. Rodel na tsakiyarsu da riga mai ruwan toka. Jar hular da ba ya rabuwa da ita in ina wasa, babu ita a kansa. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai.

Wanda aka yi wa rasuwa ba ya sa ja. Ko yaron goye a tsibirinmu ya san wannan.

Ban san yadda na kai lokacin hutu ba. Ana cewa a tashi na ja shi zuwa wani lungu bayan zauren.

"Me ya sami Tatay?"

"Jikin ne ya ɗan motsa. Nanay ta ce in kin gama ki zo gida..."

"Ki zo gida! Rodel, ni za ka gaya wa ki zo gida? Na san abin da ake nufi da ita. Kalle ni!"

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Ba a ƙona rigar ba, ko?"

"Tana cikin jakata." Muryarsa ta karye. "Na yi niyyar yin shiru har ki gama, na rantse. Amma da na ɗauko ta zan kawo miki, sai hannuna ya ƙi. Ta yaya zan bar ki ki fito gaban duniya da ja, alhali Tatay yana kwance..."

"Yaushe?"

"Yau da asuba."

Na jingina da bango. Na jira kuka ya zo, bai zo ba.

"Mu tafi yanzu."

"Ko mun tashi yanzu ba za mu sami jirgin ruwan yau ba, masoyiyata. Sai na safe."

Aka buga ƙararrawar komawa. Ba inda zan gudu, ba kuma wanda zan tarar in na gudu. Na gyara wuyan farar rigar na koma na zauna.

Abin da ya biyo baya kamar a mafarki nake tuna shi. Ɗan Koriya ya zuba duka robobinsa, na bi shi, na cinye, ya tashi. Muka rage ni da Mang Anselmo. Can aka raba min wasu katunan banza da ba su haɗa komai ba, na tura duk abin da ke gabana tsakiyar tebur. Burga ce tsagwaronta. In ya bi ni, na fita.

Ya daɗe yana kallona. Ya yi zolaya, ya yi tari, ya kira ni surukarsa, duk don ya ga ko gira za ta motsa.

"Kai! Na ga fuskoki a rayuwata, amma yau ba na ganin komai a taki. Kamar an kulle gida an tafi."

Ya zubar da katinsa, alhali ya fi nawa nesa ba kusa ba. Daga nan bai sake farfaɗowa ba. Ba a jima ba mai rabo ya buɗe kati na ƙarshe, zauren ya ɗauki ihu.

"Liway! Liway!"

Aka watso takardu masu ƙyalli daga sama, aka danƙa min kofi mai nauyi. Mang Anselmo ya zo yana dariya ya miƙo min hannu.

"Kin gama da ni, 'yar nan. Gaya min sirrin."

"Ka canka daidai ɗazu, Mang Anselmo. Mutuwa aka yi mana. Mahaifina."

Dariyar ta ɗauke. Ya cire tabarau, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

Washegari da hantsi muka sauka a Gasan. Tun daga kan kwana na hango rumfa a ƙofar gidanmu. Maza na zaune suna karta, wani ne daban yake rabo. Suna ganina suka yi tsit.

Akwatin na tsakiyar falo, kyandir na ci a gefe. An sa masa farar rigarsa ta zuwa coci. Hannayensa na kan cikinsa, a ƙarƙashin gilashi. Na ajiye kofin a ƙasa na kifa a kan akwatin, sai a lokacin kukan ya ɓalle.

"Tatay! Na zo... ga ni na zo, Tatay!"

Nanay ta janye ni da ƙarfi.

"Kada hawayenki ya ɗiga a kan gilashin, za ki wahalar masa da tafiya. Zo nan."

Ta kai ni kicin ta zaunar da ni, ta share min fuska da gefen zanenta. Ta rame sosai.

"Me ya hana ki zuwa ranar Juma'a?"

"Juma'a?"

"Da bakina na gaya wa Rodel. Na ce mahaifinki yana kiranki, ki bar komai ki taho. Ya ce zai faɗa miki."

Ranar Juma'a ina zaune ina tara robobi, ina dariya. Tatay bai cika ba sai asubar Lahadi.

"Ya kira ni, Nanay? Da sunana?"

"Tun yana iya magana har ta ɗauke. Daga nan duk wanda ya turo ƙofa, sai ya ɗaga hannunsa daga kan gado ya miƙa wajen. In ya ga ba ke ba ce, ya mayar." Ta toshe bakinta. "Na ɗauka fushi ne ya hana ki. Na ce masa kina hanya."

Na tashi. Rodel na bayan gida yana taya mata dafa wa baƙi gahawa, ya naɗe hannun riga kamar ɗan gida. Yana ganin fuskata ya ajiye butar.

"Juma'a, Rodel."

"Liway, ki saurare ni..."

"Ya kira ni ranar Juma'a!"

"Likita ya ce ya samu sauƙi! Ke ce kan gaba a gasar, kin sha wuya kafin ki kai nan. Na ce saura ƙiris, ki kai masa kofin da hannunki, ya ga abin da kika zama. Don ke na yi, wallahi don ke na yi!"

"Kofin don wa nake nemansa?"

Ya kawar da kai.

"Ka fi kowa sani. A kafaɗarka na yi kuka ranar Kirsimeti. Abin da nake nema ya zo har cikin aljihunka, a wayata, ka zauna a kai!"

Ya zube a gabana yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na cuce ki. Na san na cuce ki, abar ƙaunata. Ki zage ni, ki mare ni, amma kada ki rabu da ni. Na san ba a aure a shekarar makoki, zan jira. Ko shekara nawa ce zan jira."

Abin haushin shi ne ina sonsa. A lokacin ma da yake durƙushe a gabana, zuciyata cewa take in ɗago shi in share masa hawaye. Na san ba mugunta ba ce. Amma duk sanda na kalli fuskarsa, ƙofar ɗakin asibiti nake gani tana buɗewa, wani yana shigowa ba ni ba.

"Akwai jirgin yamma," na ce. "In ka tashi yanzu za ka same shi."

"Zan zauna har a binne shi. Akwai aiki da yawa, ga kujeru, ga..."

"Dangi za su yi."

Ya miƙe a hankali. Ya shiga falo ya tsaya gaban akwatin, ya sunkuyar da kai. Ya kama hannun Nanay ya ɗora a goshinsa, ta sa masa albarka ba tare da ta kalle shi ba. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa, sannan ya waiwayo.

Ina tsaye kusa da kan Tatay. Ban motsa ba.

"Liway... ko bakin titi ba za ki taka min ba?"

Na kalle shi ido cikin ido.

"Ka san al'ada, Rodel. A gidan makoki ba a raka baƙo."

"Baƙo?" ya maimaita a hankali.

Ya daɗe a tsaye yana jira, sannan ya sauka daga matakala ya bi ta gefen rumfa, masu karta suka matsa masa ya wuce.