Jan Zare a Wuyan Keke

"Ki ɗora a shafinki nake ce miki, Auta! Yanzun nan!"

Yaya ne tsaye a kaina, ya miƙo min wayarsa har tana neman taɓa min hanci. Ni kuwa ina zaune a bakin gadon Umma, idanuna sun yi luhu-luhu don kuka.

"Yaya, zagi fa ka rubuta..."

"Zagi? Gaskiya ce tsirara! Mahaifinmu ya ɓata, 'yan sanda suna can ofis suna hamma. Ke ce mai tarin mabiya, duk telolin garin nan da matan da kike wa ɗinki suna shafinki. Ko don saurayinki ɗan sanda ne hannunki ya yi nauyi?"

Nan ya fama min miki.

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne tun kafin a haife mu. Da tsufa ya zo, sai ya zo masa da mantuwa. Wata rana ya kira ni da sunan ƙanwarsa, wata rana ya tambayi Yaya ko shi ne mai karɓar shara. Ran nan da safe Umma ta shiga wanka, ta fito ba Baba ba 'yar jakar kayan aikinsa. Tun daga ranar ba mu ƙara cin abincin kirki ba.

Shi kuwa saurayin nawa, Kofur, wando ya kawo shagona a rage masa tsawo. Na rage, ya dawo wai ya yi gajere. Na ƙara, ya dawo wai ya yi tsawo. A zuwa na gaba na ce, "Malam, wandon nan lafiyarsa ƙalau, faɗi abin da ke tafe da kai." Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ƙaton mutum da shi. Tun daga nan zuciyata ta tafi ba ta dawo ba.

Yaya dai bai taɓa sonsa ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Ɗan sanda ba ya da aboki, balle suruki."

"In har Baba ya fi miki wancan mai kakin, ki ɗora," in ji Yaya. "In kuwa kin zaɓe shi, to, mun ji."

Na dubi Umma, ta kawar da kai tana share hawaye da gefen mayafi. Na kwafi rubutun, na haɗa da hoton Baba, na ɗora. Sannan na kifa wayar na fashe da sabon kuka.

Shi kansa hoton nan labari ne. Ranar da Baba ya ɓata, Kofur ya zo ya durƙusa gaban Umma ya nemi hoto. Umma ta miƙe ta ciro wanda ke rataye a bangon falo, ta goge gilashin da zaninta. Baba ne a ciki lokacin yana ji da kansa, gemu baƙi wuluk, kumatu a cike, hula a karkace.

"Umma, babu na kwanan nan?" Kofur ya tambaya a ladabce.

"Wannan shi ne mijina."

Ina da guda a wayata, na ɗauke shi yana gyangyaɗi a kujera, baki buɗe, gemu fari fat. Na nuna mata, sai ta zabura kamar na taka mata ƙafa.

"Wallahi duk wanda ya nuna wa duniya mijina a haka, ban yafe ba!"

Wa ya isa ya ja da wannan? Kofur ya san fuskar Baba, shi da abokan aikinsa suka bazama asibitoci da tashoshin mota. Amma hoton da ya zaga wayoyin mutane, na bangon falo ne.

Kafin azahar shafina ya ɗinke da sharhi. Yaya ya zauna a tsakar gida yana karanto mana waɗanda suka yi masa daɗi.

"Ji wannan! Wai ko akuya ce ta ɓata a ƙofar ofishinsu ba za su gan ta ba, sai ta shigo ta yi musu sallama!"

Wani ya rantse ya ga Baba a tasha yana sayar da agogo. Wani ya ce aljanu ne, a daina wahalar da kai. Wani kuma da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zana yadda ake bincike a ƙasashen da suka ci gaba, kai ka ce shi ya horar da su. Wata baiwar Allah ta rubuta, "Tubarkalla, wannan kyakkyawa haka! Allah ya bayyana shi, yana da iyali kuwa?"

Umma ta ɗago kai a fusace. "Wace ce wannan? Ka rubuta mata yana da su, har da jikoki!"

Duk da halin da muke ciki sai da dariya ta kuɓuce min. Amma da na tuna Kofur zai ga sunana a saman zagin nan, sai dariyar ta ɗauke. Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na tura wayar ƙarƙashin matashi.

Washegari da hantsi na je shago, ba don ɗinki ba, don dai in sami inda zan yi kuka ba mai ce min in yi haƙuri. Ina zaune na ji ƙarar babur ɗinsa. Ya shigo duk ya faɗa, idanu jajir, takalmi ya yi buɗu-buɗu, maɓallin rigarsa na sama yana lilo da zare ɗaya.

Na rufe fuska da tafukana. "Ka gani ko?"

"Na gani mana. Kin iya zagi, gimbiyata, ban sani ba."

"Wallahi ba ni na rubuta ba, Yaya ne ya..."

"Na sani. Ke da ba kya iya kashe sauro sai kin ba shi haƙuri?"

"Ba ka yi fushi ba?"

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba." Ya ja benci ya zauna. "Amma ni in aka zage mu ba na rufe waya. Zama nake in karanta ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Cikin masu zagi da masu ƙarya, ba a rasa mutum guda da ya ga wani abu da idonsa. Matso ki gani."

Ya nuna min wani sharhi can ƙasa, wanda Yaya bai kai kansa ba. Wata tela ce ta rubuta, "Allah sarki, Allah ya bayyana shi. Mu ma wani tsoho ya shigo layinmu bai san gidansu ba, mai gadi ke ba shi wurin kwana. Amma ba wannan ba ne, namu ya tsufa tukuf." A ƙasa mutane sun yi mata caa, wai ana maganar wani tana kawo wani.

Na ɗago na dube shi. "Kana ganin..."

"Tsaya tukuna. Tsofaffin da suka ɓata suna da yawa, ba na so in ɗaga miki rai a banza. Sai na shiga shafinta." Ya buɗe hoton wata doguwar riga da matar ta rataye tana talla, ya ja shi da yatsu biyu har rigar ta fice, ya rage keken ɗinkin da ke bayanta. "Dubi wuyan keken nan. Sannan ki dubi naki."

Jan zare ne, an naɗa an ƙulle, an bar jela biyu. Na waiwaya na dubi kekena, ga irinsa nan sak. Haka Baba yake yi duk tsawon rayuwarsa. In ya gama gyara keke, ya kara kunne ya ji tana tafiya daidai, sai ya ɗaura mata jan zare a wuya, alamar ta fita daga hannunsa lafiya.

"Ya aka yi ka san wannan?" na tambaya.

"Duk zaman da na yi a bencin nan kina hana ni kallonki, me kike so in kalla? Keke na kalla!"

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Tashi mu tafi! Tashi mana!"

Na kira Yaya na faɗa masa ya taho da Umma, na tare mai keke napep, Kofur na gaba a babur. Tafiya ce mai nisa, can ɗaya gefen gari, bayan wata kasuwa da ban taɓa shiga ba. Layin teloli ne matsattse, ƙyallaye zube a ƙasa, kekuna na ta kuka ta ko'ina. Shagon farko, jan zare. Na biyu, jan zare. Ina tafe ina dubawa, hawaye na zuba ina dariya kamar zararriya.

Sai na ji muryar.

"Kin cika mata mai, yarinya! Keke ce, ba miya ba!"

Ga shi nan zaune a kan wani ɗan benci, an ba shi wata riga da ta yi masa yawa, tabarau a ƙarshen hanci, ya kwance kan keke ya baje a tire. Na zube gabansa na rungume ƙafafunsa.

"Baba! Babana!"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. Na tsaya ina jiran ya tambaye ni ko wace ce.

"Auta, kin makara," ya ce. "Miƙo min ƙaramin sukudireban can."

Wayyo daɗi! Ban taɓa jin faɗan da ya yi min zaƙi irin wannan ba.

Matar da ta yi sharhin ta fito tana tafa hannu tana salati. "Ashe naku ne! Kullum muka ce mu kai shi wajen hukuma, sai ya ce gidansa na bayan layi, bari ya gama wannan ya tafi. Ya gama wannan, wata ta kawo tata!"

Ana cikin haka Umma ta iso, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, Yaya na binta. Ta tsaya cak a bakin shagon. Baba ya ɗago ya dube ta, ya gyara zaman hularsa, ya karkata ta gefe.

"Kin fito ba ki rufe ƙofa ba ko?"

"Na rufe, mai gida. Kai ne ka fita ba ka sallame ni ba."

Telar ta dubi wayarta ta dubi Baba. "Amma Mama, hoton nan shi ya ɓatar da mu. Ai wannan saurayi kuka sa mu nema!"

Umma ta karɓi wayar, ta dubi hoton, ta dubi tsohon da ke gabanta da farin gemunsa da mai a yatsu.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "ni fa har yau haka nake ganinsa."

Har mai gadi sai da ya juya baya yana goge ido.

Yaya ya matso wajen Kofur yana murza hannu kamar mai jin sanyi. "Yallaɓai... wato... abin da na rubuta ɗin nan..."

"Bar shi, Yaya. Ba don rubutun ba, da matar nan ba ta yi magana ba."

"A'a, sai na gyara!" Nan take ya ɗauki Baba hoto da kekensa, wannan karon Umma ba ta hana ba, sai ma ta gyara masa wuyan riga. Ya ɗora da dogon ban haƙuri. Kafin mu bar layin, waɗanda suka yi zagi jiya sun koma addu'a. Mai maganar akuya ma cewa ya yi dama shi ya san za su iya.

Baba dai bai san ana yi ba. Ya ƙura wa Kofur ido, ya yafito shi.

"Zo nan, yaro. Durƙusa."

Kofur ya durƙusa. Baba ya kama kafaɗarsa, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya lumshe ido kamar yadda yake wa keke.

"Auta, matso."

Na matso, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Uhm! Da kika matso gudu ya ƙaru. Amma ba ya tsallake, ba ya cin zare." Ya zaro jan zare daga jakarsa, ya ɗinke maɓallin nan mai lilo, ya naɗe ya ƙulle ya bar jela biyu. "Shi ke nan. A tafi da shi, zai yi ƙarko."

Layin ya kaure da dariya da shewa. Na saci kallon Yaya.

"Kar ki kalle ni," ya ce yana dariya yana share hawaye. "Mai gyara ya sa hannu, ni wane ne?"

Ranar aurenmu mantuwar Baba ta tashi da ƙarfi. Bai gane Yaya ba, ni ma kallon baƙuwa ya yi min, har kwalliyata ta soma jiƙewa da hawaye. Sai ga ango ya shigo gaishe shi cikin fararen kayan da na ɗinka masa da hannuna. Ashe ya ciro maɓallin nan daga kakinsa, ya maƙala a wuyan rigar, da jan zarensa da komai.

Baba ya miƙa hannu ya taɓa zaren. Fuskarsa ta washe, ya waiwayo ya kamo hannuna ya ɗora a kan na angona.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Ki riƙe shi da kyau, Auta."