Gambar da Kaka Ya Dasa

Hamdiyya ta rufe bironta, ta mayar masa da takardar.

"Ba ni sa hannu, Rufa'i."

Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure. Ita ce lauyar asusun zuba jari na 'yan kasuwar Tambuwal, kuma tun ranar da dattawa suka kafa asusun suka gindaya ƙa'ida: dukiyarsu ba za ta shiga abin da zai ɓata ruwa ko ya tare hanyar jama'a ba. Shi kuwa jari yake nema, ya kafa injin gyaran shinkafa a gonarsu ta gado da ke Fakku.

"Hasken idona, mi ya rage? Masu awo sun auna, ga rahotonsu gabanki."

"Da rani suka auna, lokacin da kwarin ya bushe ƙaf. Sun rubuta babu mashaya, babu burtali. Ni ko na je da ƙafata."

"Ke da za ki zama matata..."

"Shi ya sa ban aiki kowa ba."

Ya fita ba sallama.

Kafin la'asar magana ta kai gidan su Rufa'i. Hajiya Kaltume, mahaifiyarsa, ta sa a dakatar da kai lefe, tana cewa ba ta taɓa jin inda yarinya ta kunyata mijin da za ta aura a gaban manya ba. Sharifa, 'yar wani attajiri a Dogon Daji, wadda ta daɗe tana son Rufa'i, ta aika masa cewa babanta zai ba da jarin ba tare da sharaɗi ba.

Hamdiyya ta yi kuka sau ɗaya, ta wanke fuskarta.

"Kin tabbata?" in ji mahaifinta, Malam Abdulƙadir.

"Na tabbata, Baba."

"To, bar jayayya da shi bisa takarda. Kai shi wurin."

Bayan ruwan farko da kwana shida ita da Rufa'i suka isa Fakku a motarsa. Ardo Na'iya, tsohon makiyayi, yana jiransu dogare da sanda.

A filin da aka share, ɗanyar ciyawa ta tsiro a layi biyu miƙaƙƙu, daga tudu har kwarin da ruwa ya fara kwantawa. Turakun awon harsashin injin suna tsakiyarsu.

"Gamba ce," in ji Ardo. "Kakanka Atiku ya dasa ta, shi da mahaifina. Abin da ke tsakani hanyar shanu ce zuwa ruwa. Tun daga ranar manomi da makiyayi ba su sake ɗaga wa juna sanda ba a nan."

Rufa'i, wanda ya tashi a birni, ya durƙusa ya shafa ganyen.

"Ni na sa aka sare ta. Na ɗauka ciyawar banza ce."

"Saiwarta ba ta mutu ba," Hamdiyya ta ce a hankali. "Dubi gangaren. Ruwan turara shinkafa mashaya zai bi."

Rufa'i ya bi gangaren da kallo.

"Sharifa ta ce babu sharaɗi."

"Na ji. Amma ran da saniya ta sha ta faɗi, sunanka za a kira a kotu, ba nata ba. Kuma ni ba ni son in ji an kira shi."

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Kin yarda ki rasa ni kan wannan?"

"Na yarda ka yi fushi da ni, masoyina. Ban yarda ka rushe abin da kakanka ya dasa ba."

A ranar ya sa aka cire turakun awo, ya mayar da aikin kan tudu, ya yi alkawarin ramin tace ruwa da sabon awo a tsakiyar damina. Da Hajiya Kaltume ta ji sunan surukinta Atiku a cikin maganar, da kanta ta jagoranci masu kai lefe. Aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

Wata huɗu bayan nan sabon rahoto ya iso teburin Hamdiyya. Rufa'i ya zauna gabanta, ya miƙa mata biro. Ta ajiye shi gefe, ta buɗe shafin farko.

"Amarya, har yanzu sai kin karanta?"

Ta gyara gilashinta, tana danne murmushi.

"Shafi sittin ne, angona. Ka sa a kawo mana fura."