Rage Kaya

Kasuwa ta watse, duhu ya rufa, Jonatan na zaune shi kaɗai a shagonsa na gyaran kwamfuta a Liman Abaji. Sabon kanel yake haɗawa, wato zuciyar manhajar kwamfuta, don tsohuwar na'urar Madam Nkem da za ta karɓa da safe. Yana cikin zaɓen abin da zai cire, sai wani wari ya cika shagon, kamar ruɓaɓɓen kayan ciki a kwata. Wani dattijo ne tsaye, ƙudaje na binsa duk da dare.

"Me kake cirewa, ɗana?"

Jonatan ya toshe hanci. "Abin da ba a buƙata, Baba. In kaya ya yi mata yawa, ba ta tashi da wuri."

"Gaskiyarka. Ni ma na rage nawa."

Ya ɗaga rigarsa. Ba hanji, ba huhu, sai rami mai yauƙi, tsutsotsi na motsi a ciki. Jonatan ya ja da baya.

"Zuciyar ce kawai na cire bisa kuskure," in ji dattijon, idonsa a kan ƙirjin Jonatan. "Taka tana aiki sosai, ko?"