Rabin Lema

Fitila ta buga almakashi a kan tebur har allurai suka watse. A wayarta saƙonni sai shigowa suke, 'yan zaure na taya Takobi da Shugaba murna.

Zauren na intanet ne, na masu kallon anime, katun ɗin Japan ɗin nan da yayarta ke kira 'yan manyan idanu. Ba mai sa fuskarsa ko sunansa na gaskiya a can; Fitila da Takobi ma sunayen zaure ne. Amma akwai al'adar da kowa ya sani: in biyu suka daidaita, sai su raba hoto ɗaya gida biyu, kowa ya ɗora rabi a kan sunansa. Fitila da hannunta ta zana nasu, saurayi da budurwa a ƙarƙashin lema ɗaya, don Takobi ya taɓa gaya mata cewa a Japan wannan alamar masoya ce. Shi ya ɗora rabinsa. Ita kunya ta hana ta, tana jira ya fara zuwa ya gaida Baba tukuna. Yau da safe sai ga rabin nata a kan sunan Shugaba, mai zauren, wadda ta daɗe tana rawar kai a kan Takobi.

Yaya, mai shagon ɗinkin da Fitila ke aiki a ciki, ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba. Ta ce ai dama ta faɗa, ƙato da gemunsa yana kuka don ɗan katun ya mutu, da me zai riƙe mace? Fitila ta ce don Allah a bar ta ta ji da abu ɗaya.

Rana ba ta yi tsaka ba sai ga Takobi a ƙofar shago yana haki.

"Fitilata…"

"Kada ka ƙara kirana haka. Wa ya ba ta zanena?"

Ya shiga kame-kame. Wai Shugaba ce ta roƙi cikakken hoton za ta sa a gasar zane, shi kuma ya tura don a ga baiwar masoyiyarsa. Wai bai san za ta yanke shi ba. Fitila ta yarda da wannan, don ta san shi, wayonsa bai kai na makirci ba. Abin da ke ci mata rai daban ne: tun safe ake masa barka, yana gani, bai ce uffan ba.

"Ga wayarka a hannunka. Rubuta musu ni na zana, kuma rabin nawa ne."

"Ki gane mana, zuciyata… in na kunyata ta a gaban mutane cire ni za ta yi. A zauren nan na sami abokai lokacin da kowa ke min dariya. A nan na same ki."

Yaya ta ja dogon tsaki, ta ƙara taka keke.

Maganar ta taɓa Fitila, don ita ma ta san zafin dariyar nan. Kuma tana son sa, son da ya sa take jin haushin kanta. Ta sassauta murya ta ce layi ɗaya ma ya ishe ta.

Ya sunkuyar da kai ya fara rubutu. Ta ɗauki wayarta tana jira, zuciyarta har ta fara sanyi. Yana ta rubutu, yana gogewa, amma ba abin da ya shigo zaure. Da ta gaji sai ta leƙa ta kan kafaɗarsa. Ashe Shugaba yake wa saƙo ita kaɗai: "Ranki ya daɗe, in ba damuwa, ko za ki ba ni izini in ɗan yi bayani…"

Fitila ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Izini kake nema ka so ni?"

A gabansa ta danna ficewa daga zauren, ta toshe lambarsa, sannan ta ce ya matsa daga ƙofa, yana tare musu haske. Ya daɗe a tsaye yana kiran sunanta kafin ya ja ƙafa ya tafi.

Ta ɗauki almakashi, amma ta kasa bin layin alli. Ta jira Yaya ta ce ai ga irinta nan. Sai ta ji keke ya tsaya. Yaya ta tashi ta turo ƙofar shago, ta zare almakashin daga hannunta, ta jawo kanta zuwa ƙirjinta.

"Yi kukanki, auta. Ɗinkin zai jira."