Mai Kumfa da Mai Karya

An ɗaura auren mai haɗa roba da mai gwajin ƙarfi ranar Asabar da safe, a ƙofar shagon kafinta, mahaifin amarya. Daga ɓangaren ango, kawunsa ne kawai ya zo, sai direban masana'anta.

Su biyun a masana'anta ɗaya suke aiki, inda ake yin allunan roba na jikin motocin ɗaukar kaya. Shi yana narka roba, ya hura mata iska ta kumbura ta zama kumfa, sannan ya rufe ta sama da ƙasa da zaren gilashi. Allon yakan fito ba nauyi, da yatsu biyu ake ɗaga shi. Ita kuma aikinta ta sa shi a inji ta danne har ya karye, a san iyakar abin da zai ɗauka.

Shi aikin safe yake yi, ita na yamma. Yakan bar mata alluna a kan tebur, washegari ya tarar da gutsattsarinsu a kwando. An daɗe iyakar sanin da ya yi mata ke nan. A ɗakinsa na haya daga shi sai katifa da fanka mai ƙara, abinci ma a tsaye yake ci.

Ya fara ganin ta ran da ya koma ɗaukar makullin da ya manta. Ta ɗage tabarau ɗin aiki ta dube shi.

"Kai ne mai ba ni wahala? Na jiya sai da injin ya yi nishi."

"Ke ce mai karya min kaya kullum?"

"Aikina ke nan, malam."

Daga nan saƙonni suka fara. Ta sa masa Mai Kumfa, ya sa mata Mai Karya.

Wata rana ta bar wayarta tana caji a shagon babanta, saƙo ya shigo: "Mai Karya, yau ma za ki yi halin naki? Allah ya shirye ki."

Kafinta ya saba a waya ba a yi wa haruffa lanƙwasa, sai da ya karanta saƙon ya yi wa k ɗin da kansa. Da ta dawo ya tare ta.

"Uwata, wane ne wannan mai kiran ki mai ƙarya tun bai biya sadaki ba?"

"Baba, karyawa yake nufi. Wasa ne."

"Sana'arsa fa?"

"Kumfa yake yi."

"Kumfa! Ta baki na sani. Ga mai sayar min da katako yana ta zarya, kin tsaya wa iska."

Ta bi maganar mahaifinta, ta daina amsa saƙo. Shi ya ci gaba da ajiye alluna, yana tarar da gutsattsari. Wani lokaci yakan ɗauki guda ya duba inda ya karye, don hannunta ya taɓa wurin.

Wata safiya ya tarar da allo ɗaya lafiyayye a kan tebur. Ba ta taɓa barin komai da ransa ba. Da ya tashi aiki, ya saɓa shi ya nufi shagon kafinta.

Kafinta ya jinjina allon a hannu. "Wannan ai takarda ce."

Ya gitta shi a kan benci biyu, ya hau, ya yi tsalle. Ya kira maƙwabcinsa mai walda, ƙaton mutum, suka hau tare. Allon ya ɗan lanƙwasa, ya koma yadda yake.

"Irinsa 'yarka take karyawa kullum, Baba. Shi ya sa nake kiran ta haka."

Kafinta ya sauko, ya daɗe yana karkaɗe wando.

"To ka riƙa rubutu da kyau."

"Daidai na rubuta, Baba."

"Na ce ka riƙa rubutu da kyau. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure kafinta ya sa musu albarka a taƙaice: Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa su iya ɗaukar nauyin juna. Allon bai mayar ba. Yana nan a kan bencin da buhunan siminti a kansa, ya ce ran da ya karye zai faɗi ra'ayinsa game da kumfa.

Ango yanzu yakan dawo ya tarar da ɗaki a share, abinci a rufe, takalmanta na gida a bakin ƙofa, ita ta riga ta fita. Sun roƙi shugaban sashe ya haɗa musu lokacin aiki. Har yanzu bai ba su amsa ba.